An ba ni roba mai ƙwallaye uku kafin aiki, ko huhuna ne ya lalace ba su faɗa min ba?

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 46, a Agege nake zaune, sana'ata tuwo-tuwo, kuma tunda na zo Legas da icce da gawayi nake girki. An ce duwatsu ne a matsarmamata, za a yi min aiki a cire ta nan da sati uku, likita ya ce yanka za a yi. Ranar da na je ganinsa sai aka tura ni wajen wata ma'aikaciya, ta ba ni wata roba mai ƙwallaye uku da tiyo, ta ce in dinga motsa numfashi kullum, ta yi bayani da Turanci da sauri ban kama sosai ba, kunya ta hana ni in ce ta maimaita. Na dawo gida ina ta hurawa har kaina na juyawa, ko ƙwallo ɗaya bai motsa ba. Yayata ta ce hanyar karɓar kuɗi ce kawai, maƙwabciyata kuma ta ce in aka ba mutum wannan to huhunsa ya taɓu ne suke ɓoye masa. Ni ciki ke min ciwo, me ya haɗa shi da huhu? Maigidana yana shan sigari a ɗaki, ni ban taɓa sha ba. Wallahi tsoro ya hana ni barci. Ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya ya sa kaffara ne.

Bari in fara da abin da zai sa ki samu barci yau. Robar nan ba hura ta ake ba, zuƙa ake yi. Ko wanda ya fi kowa ƙarfin huhu a Agege ya hura ta daga safe har dare ƙwallayen nan ba za su ɗaga ba, don ba haka aka ƙera ta ba. Kin ga kenan rashin motsin ƙwallon bai faɗi komai a kan huhunki ba, bayanin ne bai iso gare ki ba. Kuma ba ke kaɗai ba ce, a shekarun da na yi ina aikin jinya a ɓangaren waɗanda aka yi wa tiyata, kusan duk wanda aka miƙa wa robar nan ba tare da an nuna masa ba, hurawa yake fara yi, har 'yan boko masu jin Turancin.

Maganar maƙwabciyarki kuwa ki ajiye ta gefe. Da likitoci sun ga matsala a huhunki da hoton ƙirji za su nuna miki su ɗora ki a kan magani, wataƙila ma su ɗaga ranar aikin, ba roba za su ba ki su sallame ki ba. Ana ba da ita ga masu lafiyayyen huhu, saboda aikin da za a yi ne yake taɓa numfashi, ba don numfashin ya riga ya lalace ba. Ita kuma Yaya tana da ɗan uzuri, Legas ta koya wa kowa zargi in aka ce kawo kuɗi, amma a nan ba ta canka daidai ba.

Tambayarki ta me ya haɗa ciki da huhu ita ce ainihin maganar, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani faffaɗan tantani na tsoka, shi ne yake yin mafi yawan aikin numfashi, in ya sauka ƙasa iska ta shiga, in ya koma sama iska ta fita. Hanta tana manne a ƙarƙashinsa ta ɓarin dama, matsarmama kuma tana ƙarƙashin hanta. Wato wurin da za a yanka, nan ƙasan haƙarƙarinki na dama, dab yake da tsokar da kike numfashi da ita. Duk numfashi ɗaya da za ki ja bayan aiki sai ya motsa wurin ɗinkin. Shi ya sa aikin ƙirji da aikin saman ciki suka fi kowane aiki jawo matsalar huhu, sun fi aikin ƙafa ko na mara nesa ba kusa ba.

Sannan ga allurar barci. In aka sa ki barcin nan tsokokin jiki duk sakewa suke, na'ura ce take yi miki numfashi ta bututu, kina kwance rigingine, kayan ciki su turo tantanin nan sama su danne ƙasan huhu. Huhu kuwa ba buhu ɗaya ba ne, 'yan ƙananan jakunkuna ne na iska ɗaruruwan miliyoyi, ido ba ya ganinsu, ta jikinsu ne iska take ratsawa ta shiga jini. In aka danne su suka rasa iska sai su manne, kamar dai ledar ƙullin miya in ta jiƙe, kin san yadda gefe da gefe ke haɗewa sai kin sa iska da ƙarfi kafin ta buɗe. Wannan mannewar tana samun kusan mutum 9 cikin 10 da aka yi wa allurar barci ta gaba ɗaya, ba laifin likita ba ne, ba kuma alamar wani abu ya ɓaci ba ne. Mai lafiya da yake yawo a gari duk bayan 'yan mintuna yana yin ajiyar zuciya bai ma sani ba, wannan dogon numfashin ne yake sake buɗe duk jakar da ta fara rufewa. To wadda aka yanka a ƙasan haƙarƙari ba ta yarda ta yi ajiyar zuciya, zafi take ji, sai ta koma ɗan guntun numfashi sama-sama, tari kuwa ko kusa, tana tsoron kar ɗinki ya ɓalle. Majina ta taru a ƙasa ba ta fita, don su ma 'yan siraran gashin da ke share hanyar iska allurar barci tana rage musu kuzari. Wuri ya rufe, ga majina kwance, ga ɗumi, ƙwayoyin cuta sun samu gida. Kwana biyu uku sai ki ga zazzaɓi, numfashi na sama-sama, a ce nimoniya ce, wato ƙwayoyin cuta sun kama huhu, mara lafiyar da ya kamata a sallama ranar Alhamis sai ta ƙara sati a gado da ƙarin ruwa da allurai, kuɗin gado na ta hawa. Wannan ne ake gudu, kuma shi ne dalilin robar.

Akwai wani bincike da aka yi a asibitoci uku a Ostareliya da Niyu Zilan, aka buga shi a mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, a 2018. Mutum 441 ne da za a yi wa aikin saman ciki, irin layin naki. Dukkansu an ba su takardar bayani, amma rabi an ƙara musu da zama na minti 30 da ma'aikacin fisiyo, wato mai koya wa marasa lafiya motsa jiki da numfashi, kafin ranar aiki, ya yi musu bayani ya koya musu numfashin da za su fara da zarar sun farka. A cikin waɗanda takarda kawai suka samu kashi 27 cikin ɗari sun gamu da matsalar huhu bayan aiki, a cikin waɗanda aka koya wa kuwa kashi 12 ne. Zama ɗaya fa, na rabin awa, ba magani ba allura. Abin da nake so ki lura da shi a nan, ba wai huhunsu ya ƙara girma a rabin awa ba ne. Sun dai shiga ɗakin tiyata sun riga sun san abin da za su yi in sun buɗe ido. Don ranar da kika farka, ga magagin allura, ga tashin zuciya, ga zafi, ga tiyo a hannu, ba ranar koyon sabon abu ba ce, ko an yi miki bayani da Hausar Kano ba zai shiga ba. Sati ukun nan da kike da su na koyo ne, ki yi ta yi har jikinki ya haddace, ya zama ko cikin magagi za ki iya.

Yanzu ga yadda ake yi, kuma ki fara ba tare da robar ba tukuna. Ki zauna a bakin gado ko kujera, bayanki a miƙe, kafaɗu a sake, ki sassauta zani in kin ɗaure shi tamau. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki saman cibiya. Ki ja iska ta hanci a hankali, a hankali sosai, ki ga hannun da ke ciki ne yake tasowa ba na ƙirji ba, ki ci gaba da ja har ki ji babu sauran wuri, sai ki ɗan ƙara shaƙa kaɗan-kaɗan sau biyu a kai. Ki riƙe iskar daƙiƙa 3 zuwa 5, wannan riƙewar ita ce take ba iska lokacin da za ta kutsa ta buɗe wuraren da suka manne, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa. Sai ki tsuke baki ki sake ta sannu a hankali, fitar ta fi shigar daɗewa. Ki yi goma, ki huta, ki ƙara goma. Da farko za ki ga kafaɗunki ne suke ɗagawa ciki bai motsa ba, yawancinmu mata haka muka saba numfashi, musamman mai jiki, to in ya ƙi ki gwada a kwance da filo a ƙarƙashin gwiwa, ya fi saurin kamawa, in kin gane sai ki koma zaune. In kika ji jiri ko yatsu na miki zir-zir, sauri kike yi, ki tsaya ki yi numfashinki na kullum har ya wuce. Juyawar kan da kika ce kina ji da kike ta hurawa, daga nan take.

Ita robar kuma, ki riƙe ta a tsaye daidai fuskarki kar ta karkace, ki fara fitar da iskar da ke ƙirjinki a waje, sannan ki kama bakin tiyon da leɓe ki rufe ruf, ki zuƙa. Ƙwallo na farko zai tashi, in kin ƙara na biyu ya bi shi. Kar ki ce dole sai ukun sun buga sama, fizga ɗaya mai ƙarfi tana iya tada su duka su faɗo nan take kuma ba ta amfana komai ba, iskar a saman ƙirji ta tsaya. Gara ki ɗaga ɗaya ko biyu ki riƙe su a sama na 'yan daƙiƙu. Ki lura da iya inda kike kaiwa yanzu da kike da lafiya, don bayan aiki za ki ga kin ragu sosai, kar hankalinki ya tashi, haka ake yi, kullum ki dinga neman komawa inda kike a da. Ki wanke bakin tiyon da sabulu ki shanya, kuma kar ki bar yara su mayar da ita abin wasa kowa ya sa baki, na san gidan haya, kafin ki juya ta zaga ɗaki huɗu.

Zan faɗa miki gaskiya a kan robar nan, don kar wata mai karatu da ba a ba ta ba ko ba ta da kuɗin saye ta ɗauka an cuce ta. Bincike bai nuna cewa ita kaɗai ta fi dogon numfashin da na bayyana a sama ba. Amfaninta ido yana ganin ƙwallo na tashi, mutum ya samu ƙwarin gwiwa, kuma in tana ajiye a gefen gado tana tuna masa. Aikin dai na numfashin ne. Tunda kin riga kin samu, yi amfani da kayarki.

Sai tari, wanda shi ne ya fi ba mutane tsoro. Ki samu filo ko ki naɗe zani ko tawul, ki ɗora a ƙasan haƙarƙarin dama inda za a yanka, ki rungume shi da hannu biyu ki danna, ki ja dogon numfashi, sai ki yi tari mai ƙarfi daga ciki, ba ɗan gyaran murya na maƙogwaro ba. Sau uku bayan kowane zagaye na numfashi. Akwai kuma wanda ya fi sauƙi in zafi ya yi yawa, ki buɗe baki ki fitar da iska da sauri kina cewa haa, haa, yana taso da majina sama ba tare da ya girgiza ciki sosai ba, in ta iso maƙogwaro sai ɗan tari ya ƙarasa. Ki koya yanzu ko da babu majinar da za ta fito, hannunki ya saba da inda zai riƙe. Kuma ki cire tsoron ɓallewar ɗinki, ba fata kawai ake ɗinkewa ba, hawa-hawa ake yi tun daga ciki da zare mai ƙarfi, an san za ki yi tari, ana ma so ki yi.

Sau nawa a rana? Kafin aiki ni dai abin da nake ce wa mata shi ne su haɗa shi da salla, in kin idar kina zaune a kan darduma ki yi zagayenki kafin ki tashi, sau biyar kenan ba sai kin sa ƙararrawa a waya ba, minti biyar ya isa. Bayan aiki kuma lissafin ya canza, duk awa ɗaya matuƙar idonki biyu, tun daga ranar farko, ba sai nas ta zo ta ce ki yi ba, don nas ɗaya tana iya riƙe da gado goma sha wani abu, ba za ta tsaya a kanki tana ƙirga numfashi ba.

Yanzu maganar da na san ba za ta yi miki daɗi ba, murhu. Shekaru kina tsaye a kan hayaƙin icce safe da yamma, ko ba ki taɓa riƙe karan sigari ba hanyoyin iskarki sun sha hayaƙi, kuma hayaƙi yana sa su kumbura su dinga tara majina. Ban ce ki rufe sana'a ba, na san da cinikin yau ake cefanen gobe, ga kuɗin aiki da ake haɗawa. Amma a sati ukun nan ki ba 'yarki ko yarinyar da ke taya ki hura wuta da tuƙi, ke ki koma wajen zuba abinci da karɓar kuɗi, ki zauna ta inda iska ke tahowa ba ta inda take kai hayaƙin ba. Icce ɗanye ko jiƙaƙƙe, da hura wuta da leda ko roba, a daina. In akwai halin gas ko na aro ne na ɗan lokacin, ya fi. A ɗaki kuma turaren wuta ya dakata, na san wannan kamar an ce mace ta daina kwalliya ne, amma sati uku ne da ɗan abin da zai biyo baya. Maganin sauro na kunnawa shi ma hayaƙi ne kike shaƙa har asuba a rufaffen ɗaki, gidan sauro ya fi. Janareta kuwa in a baranda ko lungun ƙofa ake kunna shi a gidanku, a fitar da shi fili nesa da taga, wannan ma ba maganar aiki kaɗai ba ce, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

Shi kuma maigida, ki nuna masa wannan ya karanta ko a karanta masa. Malam, da girmanka, sigarin nan a fita da ita waje, ba bakin ƙofa ba, waje sosai, daga yau har ta warke. Ka biya kuɗin aiki ka yi ɗawainiya, kar hayaƙin kara ɗaya ya mayar da ita gadon asibiti. Ga masu karatu kuma da su ne da kansu suke sha kuma aka sa musu ranar aiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a farkon 2020 cewa wanda ya daina sati 4 ko fiye kafin aiki haɗarin matsala yana raguwa sosai kuma ciwonsa ya fi saurin haɗewa. Ko kwana ɗaya ya rage a daina, gubar hayaƙin da ke hana jini ɗaukar iska tana fara barin jiki cikin awoyi. Shisha ma tana ciki, kar wani ya ce ai ruwa yana tacewa, ba ya hana illar hayaƙin.

Tafiya ita ce ɗayan rabin aikin. Tsayuwa a kan tukunya wuni guda gajiya ce amma ba ta sa huhu ya buɗe. Bayan sallar asuba kafin danfo da manyan motoci su cika titi da hayaƙi, ki zaga cikin unguwa minti 20 zuwa 30, da ɗan saurin da za ki ji numfashi ya ƙaru amma kina iya magana, ki bi ta lunguna, kar ki bi bakin babban titi wajen Pen Cinema lokacin gosulo ki ce kina motsa jiki, wannan shan hayaƙi ne. In akwai bene a gidanku hawa da sauka a hankali shi ma ya yi. Ranar da ciwon ya motsa ki huta, ba dole.

Wani abu ƙarami da ba a cika faɗa ba, wanke baki. Ƙwayoyin cutar da ke sauka huhu da yawansu daga baki suke tafiya, don haka buroshi da man goge baki safe da dare, har harshe, da safiyar ranar aikin ma ki goge ki tofar kar ki haɗiye ruwan, kuma ki sa buroshin a jakar asibiti.

Akwai abubuwan da dole likitan allurar barci ya ji daga bakinki, shi ne zai riƙe numfashinki lokacin da kike barci, kuma da abin da kika faɗa masa yake shiri. Ki gaya masa shekarun da kika yi a bakin murhu. In kina da asma ko kina amfani da abin shaƙa, ki tafi da shi. In maigida yana cewa kina minshari mai ƙarfi ko numfashinki na ɗaukewa cikin barci, ki faɗa, ba abin kunya ba ne a wurinsu. Hawan jini, suga, duk maganin da kike sha. Da kuma jiƙe-jiƙe, na san mai ciwon ciki a Legas da wuya a ce ba a ba ta agbo ko wani sassaƙe daga gida ba, ki dakatar kuma ki faɗa musu kin sha, wasu suna hana jini tsayawa wasu suna karo da allurar barci. In kina da tari da ya wuce sati biyu, ko kina zufa da dare kina ramewa, kar ki ce hayaƙi ne kawai, a gwada majina, gwajin tibi, wato tarin fuka, da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. In kuma mura ko zazzaɓi ko sabon tari ya kama ki ana saura 'yan kwanaki, ki sanar da su tun kafin ranar. Mutane suna ɓoyewa don kar a ɗaga musu aiki bayan sun daɗe a layi, na fahimci wannan sarai, amma a ɗaga da sati biyu ya fi a shiga da ƙirji cike da majina. Maganar daina ci da sha kafin aiki kuma ki bi awannin da suka ba ki daidai, ko ɗan kunu kar wani ya lallaba ya ba ki don tausayi, abin da ke ciki yana iya tasowa ya faɗa huhu lokacin da kike barci.

Bayan aiki, abin da na fi jin tsoro a wurin matanmu shi ne dauriya. An tarbiyyantar da mu mace ba ta raki, ko naƙuda ake a cije, sai ki ga baiwar Allah ta kwanta ƙam kamar ba ta jin komai, nas ta tambaya ta ce da sauƙi, alhali ko numfashin kirki ta kasa ja. A nan dauriya cutarwa take. Maganin zafi ba gata ba ne, shi ne zai ba ki damar jan numfashi da tari da tashi. In zafi ya hana ki cika ƙirji, ki faɗa, ki sake faɗa, in an ba ki ki jira ya fara aiki sannan ki yi zagayenki. A ɗaga miki kan gado ki zama kamar a kishingiɗe, kar ki wuni a rigingine. Kar kuma a ɗaure miki ciki tamau da zani irin na masu jego sai in likita ne ya ce, yana hana tantanin nan sauka.

Sai 'yan uwa masu jinya, su ma da kyakkyawar niyya suke ɓata abu. Nas za ta zo washegari ko ma a ranar ta ce ki tashi ki zauna, ki taka zuwa ƙofa, sai ki ji Yaya na cewa wane irin rashin imani ne wannan, jiya-jiya aka yanka mutum. To ba mugunta ba ce, tashin nan yana buɗe huhu fiye da komai, yana sa hanji ya farka, yana kuma hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa. Tunda Yaya ce da alama za ta zauna da ke, ki jawo ta cikin shirin tun yanzu, ki koya mata numfashin ku dinga yi tare, ki ce aikinta a asibiti shi ne duk awa ta taɓa ki ta miƙo miki filo da roba. Wanda aka ba aiki ba ya tsayawa gardama. 'Yan dubiya kuma a roƙe su su rage turare mai ƙarfi, mai mura ya yi gaisuwa ta waya.

In an sallame ki ki ci gaba da yi a gida har sai kin koma zirga-zirgarki, kuma kar ki yi gaggawar komawa bakin murhu ko ɗaga babbar tukunya sai likita ya ba da izini. In kika ga zazzaɓi, ko numfashi yana miki wuya, ko majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore ko da jini, ko ƙirji na suka, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, asibiti za ki koma a ranar, ba kemis ba. In cikin dare ne abin ya yi tsanani, lambar gaggawa ta jihar Legas 112 ce ko 767, kyauta ake kira.

Kafin nan dai, cikin satin nan ki koma wurin ma'aikaciyar da ta ba ki robar. 'Yan fisiyo ake ce musu, manyan asibitoci irin LASUTH a Ikeja da LUTH a Idi-Araba duk suna da sashensu, kuma koyar da wannan aikinsu ne, ba alfarma za ta yi miki ba. Ki tafi da 'yarki ko wani mai jin Turanci ko Yarbanci, ki ɗauki robar da filonki, ki ce ta tsaya ta kalle ki kina yi ta gyara miki, in ta yarda ma a ɗauki bidiyo a waya ki dinga dubawa a gida. Ki tambaye ta sau nawa take so ki yi, in abin da ta ce ya bambanta da nawa ki bi nata, ita ta ga fayil ɗinki. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunki, ki gaida Yaya da maigida.